Yadda Ake Gwada Ingancin Ido a Tsofaffin Kyamarori Masu Ido Biyu

Kyamara mai ido biyu akwati ce da ake riƙewa daidai ciki ko ƙirji a leƙa ta sama. Idonta na sama yana jefa hoto a kan madubi zuwa allon dubawa, na ƙasa kuwa shi ne yake kai haske ga fim. Kamfanin Franke da Heidecke na birnin Braunschweig a Jamus ne ya fito da sigar da kowa ya kwaikwaya daga baya, lokacin da ya fitar da Rolleiflex a 1929, sannan a shekarun 1950 masana'antun Japan suka cika kasuwa da irinta. Yawancinsu suna cin fim ɗin da ake kira 120, wanda yake ba da hotuna 12 masu kusurwa huɗu daidai, kowanne santimita 6 tsawo da faɗi. Wanda yake neman saye a yau zai tarar da sunaye barkatai a jikin idanun, su Tessar da Xenar da Planar da Xenotar da Yashinon da Rokkor, ga farashi mai tazara ƙwarai, har ya ɗauka cewa sunan shi ne komai. Sunan yana gaya maka abin da idon ya iya ne a ranar da ya bar masana'anta, shekaru 60 ko 70 da suka wuce. Abin da zai iya yi yau sai an duba an gwada, kuma gwajin yana da tsarin da idan aka bi shi ba za a sayi suna a bar hoto ba.

Mataki na farko: karanta rubutun da ke zoben idon ƙasa

A manta da idon sama tukuna, domin komai kyansa ko muninsa ba ya shiga cikin hoto. A zoben idon ƙasa za ka ga suna, da tsawon idon a milimita, da iyakar buɗewar ƙofar haskensa, misali 75mm da 1:3.5, wanda ake kuma rubutawa f/3.5. Ƙaramar lambar f tana nufin ƙofa a buɗe sosai, babba kuma ƙofa a matse. Sunan ne zai nuna maka yawan gilasan da aka jera a ciki, kuma kusan duk idanun waɗannan kyamarori suna faɗawa cikin dangi uku.

Dangi na farko shi ne mai gilasai uku, wanda asalinsa ƙirar Dennis Taylor ce ta 1893 a Ingila. A nan ne Triotar na tsofaffin Rolleicord yake, da Novar na wasu Ikoflex, da Yashikor na Yashica-A da yawancin Yashica-D, da T-22 na Lubitel ɗin Tarayyar Sobiyet. Irin wannan ido yana da kaifi a tsakiya, amma idan aka buɗe shi gaba ɗaya kusurwoyin hoton sukan yi laushi, bayan mutum kuma yakan fito kamar yana juyawa, abin da wasu masu ɗaukar fuska suke nema da gangan. Da zarar an matse shi zuwa f/11 yawancin aibinsa ya ɓuya.

Dangi na biyu shi ne mai gilasai huɗu a rukuni uku, wato Tessar, wanda Paul Rudolph ya ƙera wa kamfanin Zeiss a 1902. Xenar na kamfanin Schneider irinsa ne, haka Yashinon na Yashica-Mat, da Rokkor na Minolta Autocord, da Belar na Flexaret ɗin Cekosulobakiya. Wannan dangi shi ne ƙashin bayan sana'ar, kuma daga f/5.6 zuwa f/11 yana ba da hoton da za a wanke shi babba a rataye a bango ba tare da kunya ba. Iyakarsa tana nan a wajen buɗewa: da aka ja Tessar zuwa f/2.8 a Rolleiflex 2.8A bai yi sunan kirki ba, shi ya sa kamfanin ya koma ga wata ƙirar dabam.

Dangi na uku shi ne mai gilasai biyar, wani lokaci shida, wato Planar na Zeiss da Xenotar na Schneider, waɗanda ke kan manyan Rolleiflex tun daga 2.8C har zuwa 3.5F da 2.8F. Abin da ake biyan kuɗi mai yawa dominsa shi ne kaifin da ya kai har kusurwa ko da an buɗe ido zuwa f/4 ko f/2.8. Masu tara kyamara sun daɗe suna gardama a kan wane ne ya fi tsakanin Planar da Xenotar, kuma gardama ce da ba ta da wani amfani ga mai saye, domin bambancin da ke tsakanin kyamarori biyu masu ido iri ɗaya, saboda tsufa da faɗuwa da hannun masu gyara, ya fi bambancin da ke tsakanin ƙirar biyu. Haka nan tazarar f/2.8 da f/3.5 ba ta kai ninki biyu na haske ba, sai dai ta ƙara nauyi da farashi.

Idan sunan bai gamsar da kai ba, akwai hanyar tantancewa da ido. Ka buɗe bayan kyamara, shota, wato murfin cikin ido da yake buɗewa ya rufe lokacin ɗauka, tana rufe, ka haska ƙaramar tocila a kan gilashin baya ka ƙirga ɗigon hasken da ke dawowa. Idan biyu ne masu haske kawai, gilashi ɗaya ne a baya, wato ido mai gilasai uku ke nan. Idan kuwa ban da biyun akwai na uku mai dishi-dishi, wannan daga wurin da aka manne gilasai biyu yake fitowa, alamar dangin Tessar. Ka lura kuma da launin ɗigon. Idon da aka yi wa shafen hana ƙyalli yana mayar da haske shuɗi-shuɗi ko ruwan goro ko shanshanbale, wanda ba a shafe ba kuwa fari yake mayarwa. Zeiss ya mallaki wannan fasaha tun 1935, amma ba ta zama ruwan dare a kyamarorin kasuwa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, don haka Rolleiflex Automat na 1937 yakan ba da hoto mai taushin baƙi da fari idan aka ajiye shi kusa da na shekarun 1950.

Mataki na biyu: haska cikin idon

Wannan mataki ya fi na farko muhimmanci, kuma mintuna kaɗan yake ci. Ka buɗe ƙofar haske iyakarta, ka sa shota a kan saitin da aka rubuta B, ka danne maɓallin don ta tsaya a buɗe, sannan ka haska tocila daga baya kana kallo daga gaba a karkace, ba kai tsaye cikin hasken ba. Bayan haka ka juya ka yi akasin haka. Kowane tsohon ido yana da ƙura a ciki, kuma ƙura ba ta hana komai. Ɗan kumfan iska guda ɗaya ko biyu a cikin gilashin ma ba aibi ba ne, daga narka gilashi na wancan zamani yake.

Abin tsoro na farko shi ne hazo, wato wani farin dusu-dusu da ya lulluɓe gilashin baki ɗaya, wanda yawanci tururin man shota ne ya kwanta a kan fuskokin da ke kusa da ita, kuma ana yawan samunsa a gilashin baya na Yashica. Hazo yana kashe baƙin hoto ya mayar da komai toka-toka, amma sau da yawa mai gyara yana iya goge shi. Na biyu shi ne fumfuna, wadda take bayyana kamar siraran zaren yanar gizo-gizo da suka taso daga gefe suna nufar tsakiya. Idan sabuwa ce tana gogewa, idan ta daɗe kuwa ta ci shafen gilashin ta bar tabon da ba ya fita. Na uku shi ne rabuwar manne, wadda ake gani a matsayin bakan gizo ko rawayan kumfa a bakin gilashin, inda ƙaron da ya haɗa gilasai biyu ya fara sakewa. An fi jin kukanta a Planar, kuma gyaranta yana da tsada. Na huɗu shi ne ƙananan karce masu yawa a fuskar gaba, aikin masu goge ido da bakin riga, wanda Xenotar ya yi suna da shi saboda laushin shafensa. Karce guda mai zurfi a gaba bai kai ɗaruruwan ƙanana illa ba, kuma duk wani tabo a gilashin baya ya fi na gaba nunawa a hoto. Da Planar mai hazo da karce gara Yashinon mai tsabta.

Mataki na uku: tabbatar idanun biyu sun yarda da juna

Nan ne kyamara mai ido biyu ta bambanta da sauran, kuma nan ne mafi yawan hukuncin da ake yanke wa ido yake zama zalunci. Kana daidaita fokas da idon sama, amma na ƙasa ne yake ɗauka. Idan madubin ya goce, ko an canza allon dubawa da wanda kaurinsa bai dace ba, ko wani ya taɓa kwance idon sama bai mayar da shi daidai ba, za ka ga abu raɗau a allo ya fito a dushe a fim, sai a ce idon ba shi da kyau alhali laifin saiti ne.

Gwajin ba shi da wuya. Ka ɗora kyamara a kan sanda mai ƙafa uku, ka buɗe baya, ka sami gilashi mai dishi-dishi ko falle na roba mai tauri da aka liƙa wa tef mai hazo, ka ɗora shi a kan layukan ƙarfen da fim yake kwanciya a kansu, fuskar dishin tana kallon ido. Ka bar shota a buɗe a kan B, ƙofar haske a iyakarta. Ka nufi abu mai nisa ƙwarai, kamar hasumiya ko turken sadarwa, ka murɗa fokas har ƙarshe, ka duba da gilashin ƙara girma ko ya fito tar a allon sama da kuma a gilashin da ka ɗora a baya. Sai ka maimaita da abin da ke mita ɗaya da rabi. Idan wuri ɗaya na murɗi ya ba da kaifi a duka biyun, idanun sun yarda. Ka kuma dubi farantin da ke ɗauke da idanun daga gefe yayin da yake fita yana komawa: tazarar da ke tsakaninsa da jikin kyamara ta zama ɗaya a dukkan kusurwoyi huɗu. Kyamarar da ta taɓa faɗuwa a kan fuskarta farantinta yakan karkace, hoton ya fito da kaifi a dama da laushi a hagu. Kada ka goge madubin ciki da ƙyalle, domin azurfarsa a fuskar sama take kuma tana tashi da ɗan taɓawa.

Yana da kyau a lura da yadda fokas ɗin yake aiki. A Rolleiflex da Yashica da Autocord idon gaba ɗaya ne yake matsawa, a Lubitel da tsofaffin Ricohflex kuwa gilashin gaba ne yake juyawa ta hanyar haƙoran da suka sarƙe idanun biyu, kuma idan haƙori ɗaya ya tsallake saitin ya tafi. A Autocord hannun fokas yana ƙarƙashin ido, an yi shi da ƙarfe mai gautsi, don haka idan ka ji ya yi tauri kada ka matsa masa, mansa ne ya daskare, kuma karyewarsa ita ce cutar da aka fi sanin wannan kyamara da ita.

Mataki na huɗu: ƙona naɗin fim ɗaya don gwaji

Idan kyamarori biyu kake kwatantawa, a sa musu fim iri ɗaya, mai saurin 100 (lambar da ke nuna yadda fim yake jin haske), a ɗauki abu ɗaya daga wuri ɗaya a lokaci ɗaya, a kuma wanke su tare. Dole a yi amfani da sanda mai ƙafa uku da igiyar danna shota, domin rawar hannu tana ɓata kaifi fiye da bambancin Tessar da Planar. Ka riƙe takarda ka rubuta lambar kowane hoto da saitinsa, saboda fim ba ya ajiye wannan bayani.

Ka liƙa shafukan jarida a bango mai inuwa, a tsakiya da kusurwoyi huɗu na abin da allo yake nunawa, kyamara tana nesa da kamar mita biyu da rabi, tana fuskantar bangon daidai ba a karkace ba. Inuwa ake bukata domin a tsakiyar rana fim mai saurin 100 yana neman f/8 ko da a 1/500 na daƙiƙa, wanda shi ne iyakar saurin yawancin waɗannan shotoci, ke nan ba za ka iya gwada ido a buɗe ba. A inuwa mai haske jerin yakan zo kusa da haka: f/4 a 1/500, f/5.6 a 1/250, f/8 a 1/125, f/11 a 1/60, f/16 a 1/30. Idan ma'aunin haske ya nuna wani abu dabam sai a matsar da jerin gaba ɗaya. Hotuna biyar ke nan, kuma suna gwada shota a lokaci guda, tun da ya kamata duhun nagetif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, ya zama ɗaya a dukkansu. Wanda ya fi sauran duhu yana nuna saurin da ya yi sanyi, kuma 1/500 na tsohuwar shota ba kasafai yake cika ba.

Hoto na shida da na bakwai na fokas ne: ka shimfiɗa tef ɗin awo a ƙasa yana tafiya nesa da kai, ka tsayar da kwalin ashana a wata lamba, ka daidaita a kansa da ido a buɗe, ka ga ko kaifin zai faɗa gaba da shi ko baya. Na takwas da na tara a ɗauki abu mai nisa, ɗaya a buɗe ɗaya a f/8. Na goma da na sha ɗaya a fuskanci haske, rana tana gefen sama ba ta shiga cikin hoton ba, ɗaya da rumfar ido, wato abin da ake maƙalawa a bakin ido don tare hasken gefe, ɗaya babu. Na ƙarshe a ɗauki fuskar mutum a mita ɗaya da rabi, da itatuwa a bayansa, don a ga yadda idon yake narkar da baya. Mai Yashica-Mat ya kiyaye abu ɗaya: kada ya kunna agogon ɗaukar kai alhali hannun saitin filasha yana kan alamar M, domin shota tana iya cijewa.

Mataki na biyar: karanta nagetif ɗin kansa

A duba nagetif da gilashin ƙara girma mai ninki 8 ko 10 a kan farin haske, kada a dogara da hoton da aka sikana, saboda sikana ta gida takan daidaita ido mai kyau da matsakaici su zama abu ɗaya. Ka fara da tsakiya, sannan kusurwoyi, ka lura da mafi ƙanƙantar rubutun jaridar da yake karantuwa. Abin da aka saba gani shi ne a f/4 mai gilasai biyar yana gaba a fili, musamman a kusurwa, mai huɗu yana biye, mai uku yana baya. A f/8 mai huɗu ya kamo mai biyar har sai an ƙura ido kafin a rarrabe, a f/11 mai uku ma ya matso. A f/16 zuwa f/22 dukkansu suna ɗan komawa baya, domin haske yana bazuwa idan ya bi ta ƙaramar kafa. Idan kusurwoyi huɗu sun yi laushi daidai da juna, halin ƙirar ne. Idan ɗaya ko biyu ne kawai, faranti ne ya karkace ko fim bai kwanta ba, kuma a nan Autocord tana da wata dabara, tun da fim ɗinta daga sama yake saukowa kai tsaye, ba ya lanƙwasa a kusurwa kafin ya iso bakin ido. Hotunan nan biyu na fuskantar haske su ne suka fi koyar da mutum, domin rumfar ido mai araha tana ƙara wa tsohon ido ƙarfin baƙi da fari fiye da yadda ƙarin gilashi ɗaya zai yi.

Sauran abubuwan da ake ɗorawa a ma'auni

Idan ingancin idanun ya zo kusa da juna, sai a koma ga aikin da za a yi da kyamarar. Mafi yawansu ba sa matsawa kusa da mita ɗaya, kuma da yake idon sama yana sama da na ƙasa, abin da kake gani a kusa ba shi ne daidai abin da fim yake gani ba, har a yanke wa mutum hula. Rolleiflex tana da wani firam mai motsi a ƙarƙashin allo da yake gyara wannan saɓani da kansa, kuma akwai gilasan ƙari da ake kira Rolleinar don ɗaukar kusa. Bakin da ake maƙala su yana da girma uku: Bay I yana hawa Rolleicord da Rolleiflex mai Tessar da yawancin Yashica da Autocord, Bay II na Planar da Xenotar masu f/3.5 ne, Bay III na masu f/2.8, kuma kayan Bay I sun fi samuwa da araha nesa ba kusa ba.

Mamiya ta bi wata hanya dabam. A C220 ta 1968 da C330 ta 1969 ana cire idanun biyu tare a sa wasu, daga 55mm zuwa 250mm, kuma jikin yana da zuga-zugi mai miƙewa da yake kai mutum kusa da abu ƙwarai ba tare da gilashin ƙari ba. Masana'antar Rolleiflex kuwa sai da ta ƙera kyamara sukutum don kowane tsawo, mai Sonnar 135mm a 1959 da mai Distagon 55mm a 1961, dukkansu masu tsada. Abin da Mamiya take karɓa a madadin haka shi ne nauyi, domin C330 da idonta ta haura kilo ɗaya da rabi, alhali Autocord tana wajen kilo ɗaya. Ga mai aiki a ɗakin hoto wannan ba matsala ba ce, ga mai yawo da ita a wuya matsala ce. Ma'aunin hasken da ke jikin kyamara bai cancanci a ƙara kuɗi dominsa ba: na Yashica Mat-124G, wadda aka yi ta daga 1970 zuwa 1986, an tsara shi ne da batirin zaiba da aka daina yi, na tsofaffin Rolleiflex kuma da yawa sun yi rauni, kuma manhajar auna haske a waya tana biyan bukata.

Mai ɗaukar gine-gine da kasuwa da taron jama'a da rana, wanda zai zauna a f/8 da f/11, ba shi da dalilin wuce ido mai gilasai huɗu, kuma Rolleicord mai Xenar ko Autocord ko Yashica-Mat mai tsabta, wadda aka saita ta aka sa mata rumfa, ta ishe shi. Planar da Xenotar na wanda yake aiki a cikin ɗaki ko da magariba ne, yana buɗe ido sosai kuma yana wanke hoto babba. Kowace aka zaɓa, a cire ta daga jakarta ta fata kafin a ajiye, domin fata tana riƙe danshi kuma a cikinta fumfuna take farawa da damina. A sa ta a mazubi mai murfi tare da ƙullin ƙwayoyin silika, a riƙa fito da ita tana shan iska ana danna shota a kowane sauri. Da hunturu kuwa, lokacin da ƙura take shiga ko'ina, a fara hure gilashin da ɗan famfon roba kafin kowane ƙyalle ya taɓa shi, a kuma mayar da murfin ido da zarar an gama ɗauka.